Motar da Ke Jin Kunyar Surukaina

A ƙarshen shekarar 2021 na sayi motar gas. Ba gas ɗin girki ba, gas na manyan motoci da injin niƙa, wanda 'yan boko ke ce wa dizal. Ƙirar Jamus ce ta 2006, irin waɗanda muke kira 'yan kwatano ko da ta tashar Legas suka shigo. Ni malamin lissafi ne a sakandare, saboda haka ba da ka na saya ba. A lokacin ana ta cewa gwamnati za ta cire tallafin fetur a 2022, ga shi kuma litar gas tana kai mutum inda litar fetur ba ta kai shi. Na zauna da biro da takarda, na ga idan kowa ya fara kuka a gidan mai, ni dariya zan riƙa yi.

A watan Janairu gwamnati ta ce ta ɗage cire tallafin. A watan Fabrairu Rasha ta auka wa Yukren. Litar gas da na sani ƙasa da naira 300 ta haura 700 tun shekara ba ta ƙare ba, fetur kuwa yana nan kusa da inda na bar shi. Takardar lissafin nan, uwargida ta kunna gawayi da ita.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya hana ni barci wata 'yar fitila ce rawaya a gaban sitiyari, wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba.

Siffarta kamar igiyar guga da aka naɗe sau biyu. Kullum idan na murɗa makulli takan kama na ɗan lokaci ta mutu, kuma wannan ba laifi ba ne, aikinta ke nan. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da in aka fesa mata mai sai ya kama da kansa, dabarar da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar da injinsa da ita a 1897. Sai dai in gari ya yi sanyi ƙarfe yakan shanye zafin, shi ya sa ake sa wa kowace silinda ɗan sandan ƙarfe mai ɗumama ta kafin a tayar. Kanikawa na ce masa hita. Fitilar igiya tana gaya maka ne cewa hita na aiki, ka dakata. Wannan an yi shi ne domin ƙasashen da ƙanƙara ke rufe mota. A Kano cikin watan Afrilu, ƙarfe biyu da rabi na rana, lokacin da ko kujerar mota ba ta zaunuwa, ban ga abin da zai sa hita ya nemi magana da ni ba.

Amma ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na kwashi iyali za mu je gaida surukaina a Ɗorayi. Ina karya kwanar lungunsu, fitilar nan ta kama, kuma ba tsayawa ta yi cak kamar yadda ta saba ba, ƙifta ido ta shiga yi. Mota lafiya lau, ba ƙara, ba hayaƙi, ba jijjiga. Na tsaya a ƙofar gida na kashe, na sake tayarwa, ta ɓace. Asabar shiru. Duk mako na je makaranta na dawo, shiru. Juma'a ta zagayo, muka shiga lungun, ta fara ƙiftawa.

A Juma'a ta uku uwargida ta gyara mayafi ta ce, "Abban Ummi, in ba ka son zuwa gidanmu ka faɗa mini. Ba sai ka haɗa baki da mota ba."

Na buɗe aljihun gaba na ciro littafin motar. Da yaren Holan aka rubuta shi, a ciki har da wata tsohuwar takardar wankin mota ta wani gari a Beljiyam. Da na iya yaren, da tun ranar na karanta cewa fitilar igiya in ta tsaya cak maganar hita take yi, in kuwa ƙiftawa take, ƙwaƙwalwar mota ce ta ga wani abin da bai yi mata ba, kuma abin yana iya kasancewa ko'ina. Ban iya ba. Na nufi gindin darbejiyar bakanikena.

Mutumin nan shekara tara yana gyara mini tsohuwar motata ta fetur, kuma ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Ya leƙa ta taga, ya ga hoton da na ɗauka a waya, ya ce, "Yallaɓai, ai ita da kanta ta faɗa. Hita ne." Aka aika yaro Ƙofar Ruwa ya sayo guda huɗu. Aka kwance tsofaffin, ya ɗaga ɗaya sama yana girgiza kai kamar likitan da ya ciro tsutsa. Na biya, na yi godiya.

Juma'a ta ƙifta.

Na koma. Ya ce to ba shakka mai ne, na sha gas ɗin 'yan bumburutu mai haɗi da kananzir ko ruwa. Maganar ba ta rasa kan gado ba, domin tun da gas ya yi tsada algus ya yawaita, kuma nozul ɗin irin waɗannan motoci ba ya yafe ruwa. Aka zuƙe rabin tanki, man da na saya da kuɗin jarrabawar da na yi wa maki, aka zuba a jarka, aka sauya filtar mai. Jarkar ban sake ganinta ba. Daga baya na lura janaretan mai walda na maƙwabtansu ya yini yana aiki ba tari, da man da aka ce gurɓatacce ne.

Juma'a ta ƙifta.

Daga nan wani abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina da 'yan gargajiya, in je wurin mai kwamfuta. Wannan ba a gindin bishiya yake ba, shago gare shi da fanka, kuma ba a ce masa bakanike, Injiniya ake ce masa. A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai wata 'yar kafa mai ramuka goma sha shida da ban taɓa sanin tana nan ba. Tun 2004 dokar Turai ta wajabta ta a ƙananan motocin gas. Duk abin da ƙwaƙwalwar mota ta gani na rashin daidai takan ajiye shi da lamba, harafi ɗaya da alƙaluma huɗu, kuma ta wannan kafa ake tambayarta. A matsayina na malamin lissafi abin ya burge ni ƙwarai. Ga mota mai ajiye rajista.

Injiniya ya soka wayarsa, ya juya fuskar na'urar ta koma gefensa yadda mai duba ke kare ƙasarsa da hannu. Ya ce "hmm". Ya danna wani wuri, na'ura ta yi ƙara.

"Na goge, Alhaji. Dubu biyar."

"Me ta ce?"

"Ƙananan abubuwa ne. Na goge su."

Na fita ina jin kaina kamar wanda aka yi wa wankin ciki. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne goge lamba ba gyara ba ne. Daidai yake da in shiga aji in tarar an rubuta sunayen masu surutu a allo, in sa tsumma in share, in ce aji ya shiryu. Juma'a ta ƙifta, Asabar na koma, ya goge, dubu biyar. Wata Juma'ar ta ƙifta, wata Asabar ɗin ya goge. Muka kafa adashi ni da Injiniya, sai dai ni kaɗai ke zubi, shi kaɗai ke kwasa.

A nan ya kamata in gabatar da surukina. Tsohon direban babbar mota ne, ya fi shekara talatin tsakanin Kano da Legas kafin gwiwa ta zaunar da shi. Kullum bayan Juma'a yana kan dakalin ƙofar gidansa da carbi da 'yar rediyo. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa ta fari, kuma duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce wadda za a rubuta a bayan katin waya ba. In cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna, in ce "Barka da Juma'a, Baba." Ya dubi wani gefe ya ce, "Lafiya lau. Ya iyali? Madalla." Shi ke nan sai wani mako. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san yadda abin yake. Mutumin da ya fi kowa sanin injin gas a duk faɗin rayuwata yana zaune taku biyar daga motata, amma tsakanina da shi akwai katangar da ta fi ganuwar Kano kauri.

Wata ranar muna hanyar komawa gida, uwargida ta ce, "Baba ya ce wa Hajiya ta ce mini in ce maka, wai matsalar daga baya take."

"Baya ina?"

"Iyakar abin da ya ce ke nan."

Daren nan ban runtsa ba. Da farko na ɗauka maganar manya ce mai harshen damo, wato akwai masu bi na ta baya. Na lissafa mutum uku a ɗakin malamai waɗanda tun da na sayi motar gaisuwarsu ta canza. Wajen asuba hankali ya dawo, na ce tsohon direba in ya ce baya, me ke bayan mota in ba salansa ba?

Kamar an shirya, cikin makon sai ga fitila ta biyu, wani ɗan akwati mai ɗigo-ɗigo a ciki. Wannan kam gaskiya ta faɗa. Motocin gas na Turai na wannan zamani suna da filta a cikin salansa (da gangan na ce filta, domin in na rubuta "matata ta toshe" uwargida na iya karantawa, kuma ina da sauran zama a gidan). Abu ne kamar saƙar zuma da aka yi da yumɓu, yana tare baƙin toka kada ya fita cikin iska. In ta cika, injin yakan ɗaga zafin hayaƙi zuwa wajen digiri 600 ya ƙone tokar, amma sai mota na tafiya mai nisa ba tsayawa. Ni kuwa daga gida zuwa makaranta kilomita huɗu ne, rabinsu cunkoso, ko ɗumi injin bai gama yi ba na kashe. Ga kuma man. A Turai ƙibiritun da ke cikin gas ba ya wuce kashi goma cikin miliyan, namu na lokacin kuwa ya ninka wannan sau da yawa. Mota ta taso da tuwon alkama, an kawo ta gidan da ake dambun tsaki.

Bakanikena da ya ji an ambaci salansa sai fuskarsa ta washe. Ya ce magani ɗaya ne, a yanke ta, a sa rodi a farfasa abin da ke ciki a zazzage, mota ta sha iska. Ina cikin tunani sai na ga yaronsa ya riga ya kawo buhu ya shimfiɗa. Saurin ya yi yawa. Abin da suke kira indomi a cikin salansa yana ɗauke da ɗan farin ƙarfe mai tsada, kuma akwai masu sayensa da awo. Na ce a bar mini indomina.

Maimakon haka, ranar Lahadi na cika tanki, na hau titin Zariya ba ni da kowa a Zariya. Na bar ta a giya ta huɗu injin na kuka, na wuce Kura, na wuce Kwanar Dangora, motocin haya na wuce ni fasinjoji na leƙowa su ga wanda bai san akwai giya ta biyar ba. Kafin in kai Zariya fitilar akwati ta mutu. Na yi kabbara ni kaɗai a mota. Na shiga gari na sha fura, na juyo. Da na dawo na tarar uwargida ta yi kicin-kicin, domin a iya saninta namiji ba ya wanka ya fesa turare ya tafi Zariya shi kaɗai saboda hayaƙi. Sai da na nuna mata rasiɗin gidan mai, shi ma ta ce ai zance ma da mai ake zuwa.

Juma'a fitilar igiya ta ƙifta.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Bakanike ya ce saura bawul ɗin da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin, ya kwance ya wanke da fetur da buroshi. Wajen mayarwa ya manta bai soka wayar sansar iska ba. Na fito gareji da fitila ta uku, mai siffar injin, mota kuma ta ƙi wuce gudun keken ɗan makaranta, domin ƙwaƙwalwar in ta rasa labarin iska takan rage ƙarfi don ta kare injin. Gyaran gangar Auzinawa. Ni da kaina na buɗe bonet na ga wayar tana lilo, na soka. A duk wannan tarihi ita ce nasarata guda ɗaya, kuma ba wanda ya gani.

Gwaggon uwargida ta kawo nata bayanin. A bakin lungun akwai tsohuwar tsamiya, kuma ta ce kowa ya san masu zama a tsamiya ba sa son warin gas. Ta aiko da garin turare a ƙulle a leda. Ni mutumin kimiyya ne, ban yarda ba. Ban dai hana ba. Motar ta yi kwana uku tana ƙamshin ɗakin amarya.

Daga ƙarshe na yi abin da na ga direbobin haya na yi. Na yanko baƙin salatif na manne a kan gilashin, daidai inda fitilar take. Na samu kwanciyar hankali na mako biyu. Sai dai in magariba ta yi mana a can, hasken yakan tsattsafo ta gefen salatif ɗin, yana zuwa yana ɗaukewa, kamar mai bin bashi da aka rufe wa ƙofa ya koma leƙe ta taga.

Ranar da asiri ya tonu ma Juma'a ce. Lungun surukaina yana da tudun rage gudu har bakwai, waɗanda mutanen unguwa suka yi da kansu da siminti da baraguzai, kowanne kamar kunyar dankali. Na hau ta farko, na hau ta biyu. Ina lallaɓawa zan hau ta shida, wadda ke daidai gaban dakalin Baba, sai na ji gwaram daga baya. Adaidaita sahu ce ta sumbaci bambata.

Na fito da babbar riga ina shirin yin Turanci. Yaron ya riga ni.

"Haba Malam! Mutum ya tsaya ba wuta ba komai? Duba nake yi da zan san ka taka birki?"

"Kai, ka san ko wace irin mota ce wannan?"

"Ko jirgi ce, wallahi wutar birkinta ba ta kama ba!"

Mutane suka fara taruwa. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba cikin shekara goma sha ɗaya. Baba ya ajiye rediyo, ya dafa gwiwa, ya miƙe. Ya tako har bayan motar, ya tsaya, ya dubi wani wuri sama da kaina kaɗan, ya ce, "Shiga ka taka."

Na shiga ba takalmi, don na riga na cire da na ga ya taso.

"A hankali."

Na taka a hankali. Jama'a suka ce, "Babu!"

"Danna da ƙarfi."

Na danna har ƙasa. Jama'a suka ce, "Ta kawo!"

Aka maimaita sau uku, yara na amsawa kamar ana biya karatu. Sannan Baba ya juya ya gaya wa mai adaidaita, ba ni ba, "Makunnin birki ne." Ya kama hanyar dakalinsa, yana tafe yana gaya wa iska, "Wata biyar ina faɗa."

Ashe duk Juma'a in za mu tafi, yana zaune yana kallon bayan motata tana hawa kunyoyin nan ba jar wuta. Daga baya take. Ba habaici ya yi ba, ba kuma salansa yake nufi ba. Adireshi ya ba ni, saƙon ne ya bi ta hannu uku ya iso ba lambar gida.

Sauran bayanin daga baya na haɗa shi. A saman fedar birki akwai ɗan makunni da bai fi babban yatsa ba, mai hanya biyu a ciki. Ɗaya na kunna jajayen fitilun baya, ɗaya na shaida wa ƙwaƙwalwar mota an taka birki, domin a irin wannan mota totur ba igiya gare shi ba, waya ce, kuma dole ƙwaƙwalwa ta san lokacin da direba ke son tsayawa. Kullum tana gwada maganar hanyoyin biyu. In ɗaya ta ce an taka, ɗaya ta ce ba a taka ba, sai ta ajiye lamba ta nemi direba. Makunnin ba shi da fitilar kansa, shi ya sa take aron ta hita ta riƙa ƙiftawa. Nawa ya cinye, sai an danna shi sosai hanyoyin biyu ke yin baki ɗaya. A titin Kano kuwa wa ke taka birki da ladabi? Ko totur ko birki har ƙasa. Wuri ɗaya tak a duniya nake ɗora ƙafa a kan birki sama-sama, in riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, shi ne lungun surukaina. Uwargida ta yi gaskiya rabi. Motar kunya take ji, amma tawa ta ara.

Na biya mai adaidaita kuɗin fitilarsa. Asabar na je wurin Injiniya, na ce yau kada a goge komai, a juyo mini da fuskar na'urar. Ya yi jim, ya juyo. P0571. Na sa yaron shagon ya karanta abin da ke rubuce a ƙasanta, ya ce hanyar makunnin birki. Sannan, da yake yaro ne bai san inda ake yin shiru ba, ya ƙara da cewa, "Oga, ai ita ce ke fitowa tun ranar farko." Injiniya ya ce shi ya ga birki na kamawa lafiya, shi ya sa ya ɗauka na'urar ce ke surutu. Ya aiki yaron sayen ruwan sanyi, aiken da na tabbata ba ƙishirwa ce ta kawo shi ba.

Makunnin na same shi a Ƙofar Ruwa a kan kuɗin da bai kai zubin adashi ɗaya ba. Yaron nan ne ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari ya sa shi cikin minti goma. Na ɓare salatif, ya bar danƙo a gilashin har yau.

Juma'ar da ta biyo na hau kunyoyi bakwai ɗaya bayan ɗaya, idona a kan allon. Ba ta ƙifta ba. Na cire takalmi, na tsuguna, na ce, "Barka da Juma'a, Baba," ina sa ran tun da an fasa ƙwai za a ɗan taɓa hira, ko da ta injin ce. Ya dubi gefe ya ce, "Lafiya lau. Ya iyali? Madalla."

Muna hanyar gida, mun kusa Kabuga, uwargida ta gyara zama.

"Abban Ummi, Baba ya ce wa Hajiya ta ce mini in ce maka, wai yanzu kuma daga gaba take."

Na sa sigina, na gangara gefen titi, na kashe mota. Na fita, na zagaya, na tattare babbar riga na tsuguna a gabanta.